Manchester United: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daren Litinin 5 ga Janairun 2026 na leƙa teburin mai shayin unguwarmu, na tarar wurin ya kaure da shewa kamar an ɗauki kofi. Ashe Manchester United ce ta kori kocinta Ruben Amorim. Wani matashi da muke haɗuwa a gidan kallo, wanda duk mako sai ya rantse ya bar kallon ƙwallo har abada, shi ne har da biya wa mutum uku kuɗin shayi. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Yaya, albishirinka! An sallami mutumin nan, wahalarmu ta ƙare."

Na ce goro. Da na zauna sai na tambaye shi, "To ƙanena, wa ya ɗauko shi tun farko?" Ya yi jim. Na ce, "Wanda ya ɗauko shin, yau yana ina?" Ya ce shi fa bai san waɗannan ba, koci kawai ya sani.

Wannan amsar ce ta hana ni sakat. Tun da Sir Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, sau shida ke nan ina ganin irin wannan murna. An yi ta ranar da aka kori David Moyes, aka yi ta Louis van Gaal, ta Jose Mourinho, ta Ole Gunnar Solskjaer, ta Erik ten Hag, ga ta Amorim. Kowane karo sai mu ce an huta, kafin shekara biyu ta zagayo mu gane ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu.

Ni mai goyon bayan United ne, kuma ban zo kare Amorim ba. Abin da nake cewa shi ne, kulob ɗin ya raba iko gida-gida amma bai raba laifi ba. Ikon ɗaukar koci da sayen 'yan wasa yana hannun masu kwat da ke zaune a sama. Laifi kuwa, idan abu ya lalace, kacokan ake ɗora wa mutum ɗaya da ke tsaye a bakin fili. Muddin haka ake tafiya, a kawo koci na bakwai ko na goma, labarin ba zai sauya ba.

Manaja daban, koci daban

A nan gida duk wanda ya tsaya a bakin fili yana ɗaga hannu koci muke ce masa. A Ingila akwai bambanci. Ferguson manaja ne: shi ke zaɓar wanda za a saya, shi ke nuna wa wanda ya ga dama ƙofa, har makarantar yara ta kulob yana da ta cewa. Shekara 26 ya yi a haka, ya ɗauki gasar Firimiya sau 13. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba shi kaɗai ya tafi a 2013 ba. David Gill, shugaban gudanarwar da suka daɗe suna aiki tare, shi ma a lokacin ya sauka. Aka miƙa kujerarsa ga Ed Woodward, ma'aikacin banki da ya taimaka wa iyalan Glazer suka sayi kulob ɗin da bashi a 2005. Ginshiƙi biyu aka cire wa ɗaki a lokaci guda, mu kuma ɗaya kawai muka gani.

A Fabrairun 2024 attajirin Birtaniya Sir Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya sayi kashi 27.7 cikin ɗari na kulob ɗin, aka damƙa masa harkar ƙwallo baki ɗaya. Ya ce zamanin mutum ɗaya ya wuce. Ya ɗauko Omar Berrada daga Manchester City ya zama shugaban gudanarwa, Dan Ashworth daga Newcastle ya zama daraktan wasanni, Jason Wilcox daga Southampton ya riƙe ɓangaren fasaha. Da aka kawo Amorim ba a kira shi manaja ba, babban koci aka kira shi, kuma shi ne na farko da ya ɗauki wannan suna a tarihin United. Ma'ana: kai dai horar da yara ka fitar da sha ɗaya ranar wasa, sauran namu ne.

Shi ya sa maganar da Amorim ya yi bayan canjaras 1-1 da Leeds ta zama ajalinsa. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce shi manaja ya zo ya zama ba koci ba, kuma daraktan wasanni da masu farauto 'yan wasa kowa ya yi aikinsa. Washegari aka sallame shi, United tana ta shida a tebur. Lura da kyau: da ya gama kaka a na 15 ba a kore shi ba. Sai ranar da ya nuna masu kwat da yatsa.

Wata shida na 2024

Duk mai son gane damuwata ya bi abin da ya faru tsakanin Mayu da Disamban 2024, daki-daki.

Ten Hag ya gama gasar a na takwas, amma ya doke City 2-1 ya ɗauki kofin FA. Mahukunta suka shafe fiye da mako biyu suna jan ƙafa, suna tattaunawa da wasu kociyoyi a bayan idonsa, har da Thomas Tuchel. Daga ƙarshe suka bi shi har Ibiza inda yake hutu suka ce ya ci gaba. A Yuli suka tsawaita masa kwantiragi zuwa 2026. Suka zuba kusan fam miliyan 200 suka sayo Leny Yoro, Joshua Zirkzee, Matthijs de Ligt, Noussair Mazraoui da Manuel Ugarte. Suka sayar da Scott McTominay, yaron gida, ga Napoli, inda ya je ya ɗauki gasar Italiya aka kuma zaɓe shi gwarzon kaka. A farkon Satumba Berrada da Ashworth suka fito suka ce suna bayan Ten Hag ɗari bisa ɗari.

Ranar 28 ga Oktoba, bayan wasa tara kacal na gasar, suka kore shi.

Kuɗin sallamarsa da mataimakansa fam miliyan 10.4. Ɗauko Amorim da mutanensa daga Sporting ta Lisbon kusan fam miliyan 11. Sai kuma a Disamba aka wayi gari Ashworth, wanda aka shafe watanni ana jira Newcastle ta sake shi, shi ma an raba gari da shi bayan wata biyar a ofis, kan fam miliyan 4.1. Haɗa su ka gani: sama da fam miliyan 25 a kan sauya shawara kawai, ba a sayi ko ɗan wasa ɗaya da su ba.

A daidai wannan lokacin ne kuma kulob ɗin ya sallami ma'aikata 250 da sunan tsuke bakin aljihu, daga baya ya sanar da rage wasu har kusan 200. An soke abincin rana na kyauta ga ma'aikatan filin wasa, an mayar da tikitin shiga fam 66 ba ragi ga yaro ko tsoho, har albashin jakadanci da ake ba Ferguson aka yanke. Wato mai shara da mai sayar da tikiti su suka biya kuɗin kuskuren da ba su san lokacin da aka yi shi ba. Wannan ɓangaren ya fi komai ci mini rai, kuma ban taɓa jin an tattauna shi a gidan kallo ba.

"Ai shi ma kocin bai iya ba"

Wannan ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amorim ya gama kakar 2024/25 a na 15 da maki 42, an doke United sau 18 a kakar, matsayi mafi muni tun da ta faɗa rukuni na biyu a 1974. Tottenham ta doke shi 1-0 a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao. A Agustan 2025 Grimsby, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da shi daga kofin Carabao a bugun fenariti. Shi da bakinsa ya taɓa cewa wataƙila wannan ce tawaga mafi muni a tarihin kulob ɗin. Wanda ya yi wannan aiki ba ya da bakin cewa an zalunce shi.

Sai dai Amorim bai yaudari kowa ba. Duniya ta san salonsa ɗaya ne tun yana Fotugal: 'yan baya uku, 'yan gefe biyu masu hawa da sauka, 3-4-3. Da shi ya ɗaukar wa Sporting gasar ƙasar a 2021 bayan shekara 19 suna jira, ya sake ɗauka a 2024. Har ya taɓa cewa ko Fafaroma ba zai sa ya sauya salon ba. Ya kuma nemi a bar shi ya gama kaka a Lisbon ya zo da rani, aka ce masa ko yanzu ko ya haƙura har abada.

A ce ka sayi shadda yadi goma ta Sallah, ka wuce duk telolin babbar riga, ka kai wa telan da ya rubuta ɓaro-ɓaro a ƙofar shagonsa cewa shi kwat kaɗai yake ɗinkawa. Ya ce maka, "Alhaji, ka bari bayan Sallah." Ka ce a'a, yau kake so. Ranar Idi ka fito da abin da ba riga ba, ba kwat ba. Telan yana da laifi, na yarda, don ya karɓi aikin. Amma wa ya ɗauki shaddar ya kai masa?

Tawagar da Amorim ya tarar an gina ta ne don 'yan baya huɗu da masu kai hari ta gefe, kuma wata uku kafin zuwansa aka gama zuba mata kuɗi. Saboda salon nasa ya zauna, aka tura Marcus Rashford aro Aston Villa sannan Barcelona, aka sayar da Alejandro Garnacho ga Chelsea, aka sayo Patrick Dorgu daga Lecce, aka sake kashe sama da fam miliyan 200 a kan Matheus Cunha, Bryan Mbeumo, Benjamin Sesko da gola Senne Lammens. A Oktoban 2025 Ratcliffe ya ce Amorim na buƙatar shekara uku ya nuna kansa. Wata uku bayan wannan magana aka kore shi. In salon 'yan baya uku ne bai dace da United ba, ai tun ranar da aka hau jirgi zuwa Lisbon aka san da shi.

"Chelsea da Madrid suna kora, kuma suna ɗaukar kofi"

Wani abokina ɗan Chelsea kullum da wannan yake rufe mini baki. Kuma ba ƙarya ya yi ba. A zamanin Roman Abramovich, daga 2003 zuwa 2022, koci a Chelsea kamar ɗan haya yake, amma sun ɗauki Firimiya biyar da kofin Zakarun Turai biyu. Duka biyun ma kociyoyin da aka kawo a tsakiyar kaka ne suka ɗauko su: Roberto Di Matteo a 2012, Tuchel a 2021. Real Madrid ta kori Rafael Benitez a Janairun 2016 ta ba Zinedine Zidane, ya jera kofin Zakarun Turai uku.

To amma me ya zauna daram a Chelsea lokacin da kociyoyi ke shiga suna fita? Tawagar. John Terry, Frank Lampard, Didier Drogba, Petr Cech. Namu Mikel Obi ya yi shekara goma da ɗoriya a can, ya ga Mourinho, Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, har Conte. Duk wanda ya zo, gida ginanne yake tararwa, fenti kawai yake sauyawa. Haka Madrid: shugaban kulob ke sayen 'yan wasa, koci ya zo ya yi aiki da abin da ya samu.

United kuwa kowane magini da taswirarsa yake zuwa. Van Gaal ya aza harsashin riƙe ƙwallo, Mourinho ya zo ya ce katanga yake so, Solskjaer ya ce a'a gudu za a yi, Ten Hag ya kawo na Ajax, Amorim ya ce a rushe a koma uku a baya. Duk wanda ya taɓa gini da ɗan abin hannunsa ya san ƙarshen gidan da aka sauya wa magini sau shida: ƙofa na kallon gabas, tagogi na kallon bangon maƙwabci, siminti ya ƙare. Ralf Rangnick, wanda ya yi riƙon ƙwarya a 2022, ya faɗa musu cewa ciwon kulob ɗin sai an yi masa tiyatar zuciya. Da shi aka yi alkawarin zai zauna shekara biyu yana ba da shawara. Ba a je ko'ina ba aka warware alkawarin, ya tafi horar da ƙasar Ostiriya.

"To a mayar wa koci da iko gaba ɗaya mana"

Manyanmu da suka ga zamanin Ferguson su suka fi faɗin haka. Wani dattijo da ba ya fashin gidan kallo ya taɓa ce mini, "Yaro, jirgi ɗaya ba ya da matuƙa biyu." Na ce, "Haka ne Baba, amma ai an gwada."

An gwada da Ten Hag. An bar shi ya yi ta kwaso yaran da ya horar a Ajax: Lisandro Martinez, Antony, Andre Onana, daga baya De Ligt da Mazraoui. Antony kaɗai ya ci sama da fam miliyan 80 a 2022, da aka tashi sayar da shi ga Real Betis ba a samu ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Koci mutum ne da ya san in ya sha kashi biyar a jere ya tafi, don haka wanda zai cece shi ranar Asabar yake nema, ba ruwansa da shekara biyar masu zuwa. Dole a samu wanda aikinsa shi ne hangen nesa.

Tsarin darakta da koci ba shi ne matsalar ba. Liverpool ta yi shi a shekarar da United ta yi nata. Jurgen Klopp ya tafi a 2024, aka dawo da tsohon daraktan wasanninsu Michael Edwards, aka naɗa Richard Hughes daraktan wasanni, suka duba 'yan wasan da suke da su suka nemo kocin da zai dace da su, Arne Slot daga Feyenoord. Federico Chiesa kaɗai ya shigo tawagar a wannan bazarar, suka ɗauki gasar, ta 20, suka kamo mu. (A kakar 2025/26 su ma sun ji a jikinsu, kuma ban ce na yi baƙin ciki ba.) Brighton ma Chelsea ta ɗauke mata Graham Potter a Satumban 2022, ta kawo Roberto De Zerbi, ta gama a na shida ta shiga gasar Turai karon farko a tarihinta. Cikin waɗanda suka aza wa Brighton wannan tsari har da Dan Ashworth, mutumin da United ta kasa zama da shi wata shida.

"Ai an kori Ashworth, ka ga su ma suna biya"

Wannan hujjar ta fi sauran ƙarfi, amma in ka duba ta sosai ni take goyon baya. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa Ashworth ya fi karkata ga kocin da ya san gasar Firimiya, kuma Berrada ne ya jagoranci ɗauko Amorim. In haka ne, wanda aka ɗauka musamman don ya zaɓi koci ba a bi shawararsa ba, kuma shi aka fara kora. Waɗanda aka bi tasu shawarar, abin ya ƙare a na 15, suka ci gaba da zama a kujerunsu. Wilcox ma ƙarin girma ya samu a 2025, ya zama daraktan ƙwallo.

Ratcliffe ya fito a Maris na 2025 ya amsa cewa barin Ten Hag da ɗaukar Ashworth kurakurai ne. Na yaba masa, don ba kowane mai kuɗi ke iya cewa na yi kuskure ba. Amma amsa laifin da ba ya cin kujerar kowa abu ne mai sauƙi.

Ba ina cewa duk ranar da aka kori koci a haɗa da darakta a kora ba. In aka yi haka an koma gidan jiya ta wata ƙofar. Abin da nake nema ƙarami ne. Wanda ya zaɓi koci ya fito da fuskarsa ya ce ni na zaɓe shi, ga dalilina, ga salon da kulob zai buga ko da wannan kocin ko babu shi. Koci yana zama gaban 'yan jarida kafin kowane wasa da bayansa, a tambaye shi kuɗin tikiti, a tambaye shi korar ma'aikata, a tambaye shi rufin filin wasa da ke yoyo, abubuwan da ba shi ya yanke su ba. Me zai hana darakta ya zauna a wannan kujerar ko sau huɗu a shekara? Kuma in zaɓinsa ya faɗi sau biyu a jere, a san cewa tasa kujerar ma tana girgiza.

Mu ma nan gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kulob na gwamnatin jiha ya sha kashi biyu, sai ka ji shugabanni sun ba koci wa'adin wasa uku ko ya gyara ko ya kama gabansa, alhali 'yan wasa na bin bashin albashi, kuma a mota suka kwana a hanya kafin wasan. Ban taɓa jin an ba shugaban kulob wa'adin wasa uku ba.

A Janairun 2026, bayan korar Amorim, Darren Fletcher ya riƙe kujerar koci na 'yan kwanaki, aka kuma ɗauko Michael Carrick don ya kai mu ƙarshen kaka. Na yi masa fatan alheri, tsohon ɗan wasanmu ne, kuma in ya ci wasa uku a jere na san har ni sai na manta da duk abin da na rubuta nan na ɗan lokaci. Aka bar zaɓen na dindindin sai bazarar 2026, alhali mutanen da suka zaɓi na baya su ne ke kan kujerunsu a lokacin.

Ranar Asabar 17 ga Janairun 2026 aka tsara City za ta zo filinmu na Old Trafford. Na riga na gaya wa ƙanen nan nawa ya kama mini wuri a bencin gaba. Na ce masa duk lokacin da kyamara ta bar bakin fili ta haska sama, inda masu kwat ke zaune, ya taɓa ni, zan nuna masa su ɗaya bayan ɗaya in faɗa masa sunayensu.